Ranar da Na Faɗi Sunanta a Abhur

A unguwar Sharafiyya ta Jidda na koyi yadda mutum zai bi titi ba a gan shi ba. Hajiya Tabawa ce ta koya mini, matar da ta ɗauko mu daga garinmu ta wajen Kazaure da sunan Umara, ta karɓe fasfona da na yarinyar da na taho da ita tun muna cikin motar da ta baro da mu Makka, wai kada su ɓata. Ban sake ganinsu ba. Ta ce idan zan fita in sa baƙar abaya irin ta kowa, in rufe fuska, kada in yi sauri, kada in yi nawa, kada in kalli motar askarawa ko da a gefena ta tsaya.

"Ke Hajara, buɗe kunnenki," in ji ta. "Ba ki da iƙama, takardar zaman ƙasa, ba ki da kafili, ubangidan da zai tsaya miki. A garin nan ba ki nan. Ki zauna a ba ki nan ɗin."

Ɗakin da ta sauke mu yana can sama, katifu a jere, tagar an liƙe ta da kwali. Mu mata da yawa ne, ni kaɗai ce mai yarinya.

Yarinyar ita ce ta fari a wurina, kuma sai na yi bayanin wannan kafin a gane sauran. A gidanmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma cewa nata ne. Tun da aka yaye ta tana hannun Innata. Inna take kira Mama, ni kuma Yaya. Da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Inna, babu mai riƙe ta, shi ya sa na taho da ita. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ƙanwata ce. Ba wai ƙarya na shirya ba, haka bakina ya saba, haka Inna ta yi da yayanmu har ya yi gemu. Idan zan kira ta, "Ke" nake cewa, ta kuma san da ita nake.

Aikin da Hajiya ta yi mini alkawari, na gidan wata malama a Makka, babu shi, babu ma malamar. Sai na lura ta fara kallon yarinyar irin kallon da ake yi wa tunkiya a kasuwa. Wata safiya ta ce akwai matan da ke karɓar aron yara su zauna da su a bakin masallaci, da yamma su dawo da su lafiya lau. Na ce to, zan yi tunani. Tana shiga wanka na goya yarinyar na sauko.

Bab Makka, wata kasuwa a cikin Jidda, ita ce zangona na biyu. Wata 'yar Maraɗi, Allah Ya saka mata, ta ba ni gefen shimfiɗarta da gefen ɗakinta. Kuka muke sayarwa da daddawa da yaji da kuɓewa busasshiya, a kan zanen da aka ɗaure kusurwoyinsa yadda da an ce ga askarawa nan, ja ɗaya za ka yi ka tattare komai. Kusa da mu akwai shagon wani Bayamale mai rigunan ƙwallo. Ni ban san ƙwallo ba, amma zaman wuri ɗaya yana koya wa ido abubuwa. Na gane rigunan da ake rububi, waɗanda samari ke shigowa suna kiran sunan mai su tun daga ƙofa. Na kuma ga wata guda ɗaya a can ƙarshen igiya, rana ta cinye kafaɗarta ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa a sauko da ita. Wata rana yarinyar ta zubar da shayi a jikinta tana kuka, sai Bayamalen ya sa sanda ya zaro rigar ya miƙo mini. Ya yi alama da hannu: ɗauki, ba mai so. Har idon sawu ta kai mata. Ta ƙi cirewa.

Rigar nan ce ta kai mu Abhur, unguwar masu kuɗi ta bakin teku. Wani dattijo ya zo sayen kuka, baƙi kamar mu amma da farar jallabiya da tafiyar 'yan gari. Yarinyar ta juya baya ya ga sunan da ke jikin rigar, sai ya tsaya, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"La ilaha illallah! Wa ya ba bint ɗin nan rigar maigidana? Wallah tun da ya zo Jidda ban ga mutum ɗaya da ita ba, sai yau, a wajen masu daddawa!"

Ammu Bala kenan. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakarsa Ta-Makka ce ta zo Hajji a ƙafa ba ta koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Direba ne a gidan wani ɗan ƙwallo mutumin Japan da wata ƙungiya ta garin ta sayo. Ya ce matar da ke yi musu shara ta tafi, ko ina so? Na ce ba ni da takarda. Ya ce mutanen nan ba su san ma ana tambaya ba, ɗaki na nan a bayan kicin, katanga doguwa ce. Da na ji katanga doguwa ce na ce ina so.

Gidan yana kusa da teku, amma ba a jin tekun. Ba a jin komai. A ƙofa ake cire takalmi kamar masallaci, a jera su suna kallon waje. Maigidan, Kyaftin muke ce masa, ɗan siriri ne, ba dogo ba, idan yana tafiya ba ka jin sawunsa. Ranar farko ya sunkuya mini. Ni, mai shara! Na rasa yadda zan yi, na durƙusa, shi ma ya ƙara sunkuyawa, har sai da Ammu Bala ya ce, "Halas, halas, ku tashi kafin ku kwanta." Matarsa, Madam, ita ma haka, magana ƙasa-ƙasa kamar akwai maras lafiya a ɗaki na gaba.

Akwai ɗaki ɗaya a sama da ban son shiga. Ranar da na fara buɗe shi da tsintsiya a hannu, na ga Kyaftin tsaye a kusurwa yana murmushi. Na ce sannu, na ja da baya. Sai na jiyo shi a ƙasa yana magana da matarsa. Na yi ta karanta abin da na iya, har na lura wanda ke kusurwar ba ya ƙifta ido. Kwali ne, an yanka shi daidai tsayinsa. Sannan na ga sauran. Fuskarsa a gwangwanin shayi, a kwalbar ruwa, a buhun shinkafa, a mafici, a matashin kai. Tsuntsayen takarda ƙanana an shirya su a zare suna reto daga rufi, ba iska amma suna juyawa. Duk inda na tsaya idanunsa na kaina.

Na tambayi Ammu Bala ko mutumin nan yana da abin da yake bauta wa a ɗakin.

"Ya bint, ba shi yake bauta ba, shi ake yi wa," ya ce, sannan ya yi istigfari. "Masoyansa ne ke aikowa. A ƙasarsu wannan da kike gani ba ya iya shiga dukkan, wato kanti, ya sayi burodi. Sai an rufe titi. Mata suna suma."

Ban yarda ba. Don na ga yadda ake yi da shi a nan. Wata rana muka je babban kanti, ina tura keken kaya a bayan Madam, sai wani Balarabe mai tumbi ya ƙyasta wa Kyaftin yatsa, ya nuna masa katan ɗin ruwa, wai ya ɗora masa a mota. Ya ɗauka yaron kanti ne. Kyaftin ya ɗauka, ya kai, ya sunkuya masa. Da ya dawo fuskarsa tana haske kamar an yi masa albishir. A nan na fara zargin cewa abin da ni nake yi don tsoro, shi ya biyo shi ne tun daga ƙarshen duniya don yana so.

Da na samu baban yarinyar a waya na gaya masa inda nake aiki, don shi ba ya wuce gidan kallon ƙwallo. Na haɗa sunan da ƙyar na faɗa masa.

"Wa?" Na sake faɗa. Na ji yana tambayar abokansa. "Kai Ɗanjuma, ka san wani ɗan Japan a Saudiyya?" Aka yi dariya a bayansa. Ya dawo. "Ke, ba a san shi ba. Mutumin da ba a taɓa yin musu a kansa ba ai ba ɗan wasa ba ne. Ki duba dai, ƙila mai ɗauko musu ruwa ne."

Yarinyar kuwa ta same shi. Kullum bayan la'asar sai ya fito tsakar gida da ƙwallo, ita kuma ta fito da rigarta mai kai wa ƙasa, su yi ta bugawa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma suna hira. A wurin nan kaɗai nake jin dariya a gidan. Madam tana zaune a matakala da waya a hannu, ni ina leƙe ta tagar kicin ina yi kamar ban gani ba. Madam ta taɓa tambayata sunan yarinyar ta bakin Ammu Bala. Na sunkuyar da kai na ci gaba da goge faranti. Ta ce in yi haƙuri, ba ta sake tambaya ba.

Sannan 'yan tsana suka fara zuwa.

Ta farko a cikin kwalin saƙonnin Kyaftin ta zo, Madam ta kawo mini da hannu biyu tana murna. An saƙa ta da baƙin ulu, an sa mata riga mai kai wa ƙafa, kafaɗa ɗaya an yi ta da zare mai haske, daidai inda rana ta ci. A kanta kitso ne, shuku, irin wanda na yi mata da hannuna. A wuyan hannunta na hagu ga jan zaren da Inna ta ɗaura mata. Na karɓa na yi godiya, na kai ɗaki na tura ta ƙarƙashin katifa, na kasa zama a kan katifar.

Na tsefe kan yarinyar na yi mata kalaba. Ba a daɗe ba wata ta zo, da kalaba. Ta faɗi ta kuje gwiwa, wadda ta biyo baya ta zo da ɗan farin ƙyalle a gwiwa. Wani yana ganin yarinyar nan. Ta cikin katangar da na zo dominta, wani yana ganinta. Na daina barinta ta fita tsakar gida, na yi ta tofa mata addu'a har ta fara gudu idan ta ga na matso da baki. Na duba saman katanga, na duba bishiyar dabino, na duba idanun kwalin nan na sama ko akwai rami.

Ammu Bala ne ya ga na rame, ya matsa mini, na fito masa da 'yan tsanar. Bai yi dariya ba. Ya ciro wayarsa ya nuna mini. Ga ta nan tana gudu a tsakar gidan, tana taka rigarta tana faɗuwa, Kyaftin yana ɗaga ta. Ƙarƙashin hoton rubutunsu ne kamar sawun kaji, ya ja da yatsa, ya ja, ya ja, bai ƙare ba.

"Duk mutane ne, kowane layi mutum," ya ce. "Madam ce ke sakawa a intanet, masu kallo su saƙa 'yan tsana su aiko. Ƙaramar Jidda suke ce mata. Ya bint, ƙanwar nan taki a can ta fi shi kansa a nan."

Na ce ya roƙa mini ita ta cire. Madam ta zo har ƙofar ɗakina, idonta ya yi ja, ta sunkuya ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta cire. Amma Ammu Bala ya ce abin da ya shiga waya ya shiga, wasu sun riga sun kwafa. Abu ɗaya ya ɗan kwantar mini da hankali. Ya ce ba ta taɓa rubuta sunan ba. Yarinyar ta gaya mata, amma tun ranar da ta ga na sunkuyar da kai ta ɗauka abin ɓoyewa ne. Na ce to, fuska suka samu, ba su samu abin da za su kira ta da shi ba.

Da na san inda zan je da na tafi a lokacin. Ban sani ba.

Sai 'yan ƙwallon ƙasarsu suka zo wasa Jidda, jirage suka kwaso magoya bayansu. Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, ina shanya a bayan gida. Na ji shirun gidan ya canza. Ban san yadda zan faɗe shi ba, kamar dai ka shiga ɗaki mai duhu ka san akwai mutum a ciki. Na zagayo na leƙa ta tsagar ƙofar mota.

Magoya bayan ne suna jere a jikin katangar tsallaken titi, cikin shuɗɗan riguna, tun daga kwana har kwana. Ba ihu, ba tafi, ba mai ture wani. Kuma dukkansu fuskarsa ce da su. Fuskar takarda ce, an huda wajen ido, an ɗaura da roba, amma murmushin nan nasa ne, iri ɗaya, a kan dogo da gajere, a kan mace da tsoho. Wani daga cikinsu yana bin gefen titi da leda yana tsince guntun sigarin da ba su suka yar ba. A can gefe motar askarawa tana tsaye, an turo su saboda taron.

Na koma wajen shanyata ina cewa ba ruwana. Na shanya zani ɗaya. Sai na ga ƙwallon ya gangaro shi kaɗai ya tsaya a ƙafata. Na ɗaga kai. Ƙaramar ƙofa a buɗe take, Ammu Bala ya shigo da kwalaye bai tura ta ba.

Yarinyar ta sulale ban sani ba, ta hango fuskar Kyaftin a waje, ta ɗauka shi ne, ta fita wurinsa.

Kafin in kai ƙofar na ji sautin, wani irin numfashi da mutane da yawa suka ja lokaci ɗaya, kamar iska ta bi ta gonar dawa. Sun gane ta. Layin ya lanƙwaso a hankali ya zagaye ta, suka durƙusa daidai tsayinta, wayoyi suka tashi sama. Ba wanda ya taɓa ta. Ita kuwa tana tsakiya tana juyawa, nan Kyaftin, can Kyaftin, baya Kyaftin, ba wanda ya miƙo mata hannu a cikinsu. Sai ta ƙwalla ƙara. Wani askar mai furfura a gemu ya ratsa su ya ɗauke ta.

Ina bakin ƙofa, hannuna da kumfa, fuskata a buɗe. Maganar Hajiya Tabawa ta faɗo mini: ba ki nan. Na ga askar ɗin ya juya da ita wajen mota. Ban san lokacin da na tsallaka titin ba.

Ammu Bala ya biyo ni yana haki, shi ya tsaya a tsakani yana juya magana. Askar ya ce yarinyar wace ce.

"Ƙanwata ce."

Wallahi kafin in yi tunani ta fita, kafin Ammu Bala ma ya yi tunani ya juya ta Larabci. Askar ya dubi yarinyar ya ce a tambaye ta ina mamarta. Tana shessheƙa ta ce, "Mama tana gida, ba ta da lafiya. Wannan Yaya ce." Ya ce to, ya sunanta? Ni ya tambaya. Na buɗe baki, na rufe. Na kalli ƙasa.

Na ga fuskarsa ta canza. Ya san matan da ke yawo da 'ya'yan aro, ya sha kama su. Ga mace ta ce ba ita ta haifa ba, ba ta ma san sunan yarinyar ba. Ya ce iƙama. Babu. Ya yi magana mai tsawo, Ammu Bala ya juya mini ita a taƙaice.

"Ya ce ke tarhil za a kai ki, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Ita kuma gidan yara, har a gano iyayenta."

A lokacin Kyaftin ya fito, ko takalmi babu. Duk fuskokin takardar nan suka sunkuya lokaci ɗaya. Na ga kafaɗun wasu suna rawa, kuka suke yi a bayan murmushin, ba sauti. Na ce a raina Alhamdu lillahi, ga wanda ake rufe wa titi ya zo. Ya tsaya gaban askar ɗin ya dafa ƙirji yana magana. Askar ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan kuma fa? Shi ma ma'aikacin gidan ne? Ina tasa iƙamar?"

"Ya shaikh, kabtin ne! Ɗan wasa ne, duk mutanen nan dominsa suka zo!"

Askar ya dubi takardun fuska, ya dubi mai fuskar, ya kira abokin aikinsa, wani saurayi, daga mota. Saurayin ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Kamar shi ne wanda ake sakowa idan an kusa tashi." Askar mai furfurar ya ce ma sha Allah, Allah Ya ba da sa'a, amma ɗan wasan ya koma gefe, wannan ba wasan ƙwallo ba ne. Kyaftin ya koma gefe. Mutumin da fuskarsa ke kan buhun shinkafa ya tsaya a kan kwalta mai zafi, hannuwansa a sake, bai fi ni komai ba a titin nan.

Ammu Bala ya juyo gare ni, ya bar Larabci gaba ɗaya.

"Hajara. 'Yarki ce ko?"

Na kau da kai.

"Na sani tun a Bab Makka. Kakata har ta mutu ba ta faɗi sunan ubana ba, yaron nan take cewa, yana da jikoki. Na san abin. Amma wannan bai sani ba, kuma motarsa a kunne take."

Ya juya ga askar ya yi ta bayani, askar yana girgiza kai, wai wace uwa ce za ta ƙi faɗin sunan 'yarta. Sai na ga Ammu Bala ya gyara tsayuwa, ya rage murya. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce. Cewa ya yi, "Allah Ya ja kwananka, kai ɗan ƙabila ne, Balaraben ƙauye, na ji a harshenka. Faɗa mini sunan mahaifiyarka a nan, a gaban mazan nan." Saurayin askar ya yunƙuro. Mai furfurar ya ɗaga masa hannu. Kunnuwansa suka yi ja. Ashe su ma suna da nasu sunan da ba ya fita a titi.

Ya daɗe yana kallona, ya kalli yarinyar, ya sake kallona. Wushiryarmu ɗaya, goshinmu ɗaya, kowa yana faɗa tun tana jaririya. Ya ce, "Ta faɗa da bakinta. Sau ɗaya. In ga yarinyar."

Na taɓa haihuwa, na san abin da ake kira nauyi. Wannan daban ne. Ji na yi kamar an ce in kwance zanina a tsakiyar kasuwa, Inna tana kallo, kakannina suna kallo. Ga titi tsit, ga idanu ta cikin hudar takarda, ga wayoyi a sama.

Na ce, "Ni na haife ta."

Sannan na faɗi sunan. Ya fito kamar raɗa. Askar ya kara hannu a kunne. Sai na ɗaga murya na kira ta, da sunanta na yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna ina cikin ɗaki na toshe kunne da mayafi.

Ta daina kuka cak. Ta zuba mini ido, don ba ta taɓa jin sa daga bakin nan ba. Ta ce, "Na'am." Ta miƙo hannu biyu, ta zamo daga kafaɗarsa kamar kifi. Na ɗauke ta a gaban kowa, na rungume ta a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba.

Sai na ji shi a bayana. Wata murya ta mace, ƙasa-ƙasa, ta bayan takarda, ta maimaita sunan. Ba ta faɗe shi daidai ba, ta ƙara masa wani abu a ƙarshe. Na kusa da ita ya karɓa. Ya bi layin nan yana tafiya, daga baki zuwa baki, a hankali, da ladabi, har kwanar titi, ya dawo. Yatsu suna ta motsi a kan wayoyi. Na toshe mata kunne da tafin hannuna, amma ina zan toshe?

Askar ɗin bai sake ni ba, ba shi da ikon haka. Amma ya buɗe ƙofar baya ya ce mu shiga mu biyu, ya kuma gaya wa saurayin cewa duk inda za a kai uwar a kai 'yar. Madam ta fito da gudu da jakar kayanmu. Kyaftin ya kawo ƙwallon ya ɗora wa yarinyar a cinya, ya ja baya ya sunkuya, har muka sha kwana bai ɗago ba. Ammu Bala ya bi motar yana buga gilashi yana cewa, "Fi amanillah, ya bint! Ki gai da mutanen Hausa, ki ce jikan Ta-Makka yana gaisuwa!"

Zaman tarhil ba abin da zan so wa kowa ba ne, amma a tabarma ɗaya muka yi shi, a kujera ɗaya muka dawo.

Yanzu muna gida. Inna ta ɗan samu sauƙi, tana zama a jingine. Ban gaya mata abin da na yi ba. Baban yarinyar ya kai ƙwallon gidan kallo ya nuna sa hannun Kyaftin da ke jiki, aka juya shi aka juya, aka ce a ba yara su buga. Ni kuma na koma yadda nake. "Ke" nake ce mata, ita kuma Yaya. Ko a nan ban rubuta sunan ba, ba kuma zan rubuta ba.

Sai dai wani abu. Wani lokaci da hantsi tana wasa a gindin ɗorawar bayan gida, ba kowa kusa, ina daka ina kallonta ta gefen ido. Sai in ga ta tsaya, ta juya wajen gabas, ta karkata kai kamar mai saurare.

Ta ce, "Na'am."